Ƙanƙara tara: wankin ƙoda tsakanin Yankees da Red Sox

A watan Maris na 2018, a wani asibiti a Bronx cikin birnin New York, likita ya zaunar da ni ya ce ƙodata duka biyu sun tsaya. Ina da shekara 44. Tun daga lokacin nake zuwa wankin ƙoda Litinin, Laraba da Juma'a, awa huɗu kowane zuwa. Na rubuta wannan ne saboda 'yan'uwan da suka shigo wannan layi da masu jinyarsu, don na ga da idona fashin zuwa wanki ya fi komai saurin kayar da mutum. Ni ma na taɓa yin fashin, na leƙa kabari na dawo. Abin da Allah ya sa ya zama sanadin tsayuwata kuwa wani wasa ne da ban san sunansa ba sai da na yi gemu, wato besbol, da wani dattijo mai goyon bayan ƙungiyar da na fi ƙi a duniya.

A Kano aka haife ni, a cikin gari, kuma ƙwallon ƙafa kaɗai muka sani. Ranar da Pillars ke wasa a gida ba a ganina a shago. A 2002 bizar lotiri ta fito min. Na sauka a ɗaki guda da mutum uku, biyu 'yan zangon Kumasi, ɗaya ɗan Yamai, Hausa ce ta haɗa mu. Su suka sama min tuƙin motar haya, irin wadda ofis ke turo wa aiki ta rediyo. Awa goma sha biyu a zaune, kwana shida a mako. Daga gidanmu zuwa titi na 161, inda filin Yankees, ƙungiyar besbol ta New York, yake, tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙafa. Duk daren wasa jirgin ƙasa mai lamba 4 yana zazzage mutane kamar ranar hawan sallah. Sai na fara kunna wasan a rediyon mota don in san lokacin tashi, in je in kwashi fasinja. Neman abinci ne ya kai ni. Muryar John Sterling, mai sharhin Yankees a rediyo a wancan lokacin, ita ta koya min wasan, ita ta koya min rabin Turancin da nake ji yau.

Ga wanda bai san besbol ba, ga shi a gurguje. Kowane ɓangare mutum tara ne. Mai jifa yana tsaye a kan ɗan tudu, ƙafa 60 da inci 6 daga mai bugu, ya wurgo ƙwallo mai tauri wadda gudunta kan haura mil 95 a awa. Mai bugu yana riƙe da kulki. In ya kai duka ya kuskure, ko ya ƙyale ƙwallon da ta bi ta inda ya kamata ya buga, an rubuta masa sitirak, in suka kai uku ya fita. In mai jifa ya jefa baude sau huɗu, mai bugu ya taka tasha ta farko kyauta. Tashoshi huɗu ne, tsakanin kowace da 'yar'uwarta ƙafa 90, wanda ya zagaye su ya dawo gida ya ci maki ɗaya. Ƙwallon da aka buga ta tsallake katanga ita ce hom-ron. Mutum uku suka fita sai a yi musanya. Kowane ɓangare ya yi bugunsa, zubi ɗaya ke nan, wasa kuma zubi tara ne, in an yi kunnen doki a ƙara. Kowace ƙungiya tana wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, wato kusan kullum. Wannan yawan shi ya yi min rana daga baya.

Gabar Yankees da Red Sox ta Boston kuwa ta girmi kakanninmu. A ƙarshen 1919 mai ƙungiyar Boston, Harry Frazee, ya sayar wa Yankees da Babe Ruth. Kafin nan Boston ta ɗauki kofin World Series, wato kofin zakaran shekara, sau biyar, na ƙarshe a 1918. Daga nan sai da ta shekara 86 ba ta sake ɗaga shi ba, Yankees kuwa suka yi ta tarawa har suka kai 27 a 2009. Ni na shigo labarin a lokacin da wutar ta fi ruruwa. Oktoban 2003, wasa na bakwai na neman zuwa World Series, Boston na gaba 5 da 2 a zubi na takwas, kocinsu ya ƙi cire mai jifarsu Pedro Martínez da ya gaji, Yankees suka farke, Aaron Boone ya buga hom-ron a zubi na 11. Ina fake a titin Grand Concourse bayan sha biyun dare, motoci suka kwashe da ham, na tsinci hannuna a kan nawa. Shekara na zagayowa aka rama mana da abin da ba a taɓa yi ba a tarihin wasan. Mun ci uku na farko, na ukun 19 da 8, saura ɗaya. A wasa na huɗu, zubi na tara, Mariano Rivera namu na jifa, Dave Roberts ya saci tasha ta biyu, wato ya ruga can ba tare da an buga ƙwallo ba, aka farke, David Ortiz ya ƙarasa mu a zubi na 12. Suka ci huɗu a jere, na ƙarshe 10 da 3 a cikin gidanmu. Daren nan na ɗauki fasinja uku ba wanda ya ce uffan har na sauke su.

Duk shekarun nan jikina yana yi min magana ina yin kunnen ƙashi. Tun wajen 2009 aka ce ina da hawan jini. In sha magani wata biyu, in ji sauƙi, in ajiye. Abincina na kan hanya ne, gishiri da dunƙule har sun yi yawa. Bayana na ciwo saboda zama, sai in watsa ibuprofen biyu da safe biyu da dare, shekara da shekaru, ban san yana cin ƙoda ba. Aka aiko min da jiƙo daga gida, na ƙara da shi. Alamomin sun zo ɗaya bayan ɗaya: fitsari mai kumfa, kumburin ƙafa har takalmi ya daina shiga da yamma, ƙaiƙayin jiki, tashin zuciya da safe, baki yana ɗanɗanon ƙarfe. Ranar da na kasa yin sujada saboda numfashi ya ƙi, maiɗakina ta ce, "Malam, yau ko ka so ko ka ƙi sai asibiti." Don Allah duk mai hawan jini ko ciwon suga ya riƙa gwajin jini da na fitsari ko sau ɗaya a shekara. Ƙoda ba ta ciwo, sai ta kusa ƙarewa take nuna kanta.

Aka sa min roba a ƙirji ta shiga babbar jijiya ta wuya, da ita aka fara wanki. Daga baya aka yi min aiki a hannun hagu, aka haɗa jijiyar da ke kai jini da wadda ke dawo da shi, abin da suke kira fistula. Tana ɗaukar wata biyu zuwa uku kafin ta nuna a fara soka ta. Tuƙi ya tsaya. Maiɗakina ta shiga aikin kula da tsofaffi a gidajensu, kwana take yi, yara uku. Magidancin da ya saba aika kuɗi Kano duk wata ya koma jiran abin da mace za ta shigo da shi. Wannan ya fi allura zafi. Makonnin farko a cibiyar wanki ba na gaisawa da kowa. In hau kujerata, ta bakwai, in ja bargo har ka.

Laraba 11 ga Afrilu, ƙarfe shida na safe, na zo da hular Yankees don sanyin ɗakin. Daren Talata Boston ta yi mana 14 da 1 a filinta, Fenway. Na ji an ƙwanƙwasa ƙarfen kujerata da sanda. Na ɗaga bargo, sai ga wani dattijo a kujera ta takwas, jar B ta Boston a goshin hularsa, ya ɗaga yatsun hannunsa na dama yana ƙirga min a hankali har goma sha huɗu. Ya ce, "Yanki, ka tashi, ba a ɓuya a nan." Mutumin Jamhuriyar Dominika ne, ya haura saba'in, shekararsa shida a kan injin. Mutanen ƙasarsu da yawa Boston suke yi ko da a Bronx suke zaune, saboda Pedro da Ortiz 'yan ƙasarsu ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, na mayar masa da kofunanmu 27. Ya ce tun 2004 kofi nawa muka ɗauka, su nawa? Muka yi ta yi, Turancinsa a karye nawa a karye, har injin ya yi ƙarar tashi. Ranar ce ta farko da awa huɗu ta wuce ban ƙirga mintocinta ba. Daren nan muka ci 10 da 7, Joe Kelly na Boston ya jefi Tyler Austin namu da ƙwallo, 'yan wasa suka kaure da dambe. Na ƙagara Juma'a ta yi.

Na riƙa kiransa Baba. Abin da ke tsakaninmu ya koma irin wasan Bakano da Bazazzagi, ko Bafillace da Babarbare: a yi ta tsokana, amma in abu ya same ka shi za ka fara gani. Shi ya koya min rubuta wasa a littafi. Kowane mai tsaron fili yana da lamba: mai jifa 1, mai cafka 2, tasha ta farko 3, ta biyu 4, ta uku 5, mai tsayawa tsakanin ta biyu da ta uku 6, na bayan fili 7, 8, 9. In ka rubuta 6-4-3 ka ce an fitar da mutum biyu da bugu ɗaya. Harafin K na nufin an fitar da mai bugu da sitirak uku, in ya tsaya yana kallon ta ƙarshen sai a juya harafin baya. Ya ce in riƙa rubuta nauyina na ranar a saman shafi, kusa da sakamakon wasa.

A watan Satumba mahaifiyata ta rasu a Kano. Mai wankin ƙoda ba ya ɗaukar jaka ya tafi, sai an shirya masa inda za a wanke shi a can, da kuɗin, da takardun gwaji. Kafin a yi haka an yi sadakar uku. Ta waya na karɓi gaisuwa. Kuɗin haya ya taru wata biyu. A haka aka shiga Oktoba, Boston da ta ci wasa 108 a shekarar ta haɗu da mu. Litinin 8 ga wata suka yi mana 16 da 1 a gidanmu, Talata suka fitar da mu 4 da 3. Laraba da asuba na yi sallah na koma na kwanta. Ba don wasan kaɗai ba ne, na gaji ne da komai, wasan ne ya zama ƙarshen abin da nake riƙe da shi. Nas ta kira sau uku ban ɗauka ba. Na ce wa maiɗakina an ɗaga min zuwa wata rana, ƙaryar da har yau nake neman gafararta a kai. Laraba da Alhamis na sha ruwa son raina, na ci dabino da ayaba, na sha madara. Daren Alhamis ƙafafuna suka yi nauyi kamar ba nawa ba, leɓɓana suka yi sanyi, zuciya na tsalle tana tsayawa, in na kwanta sai in ji kamar ana danna ni cikin ruwa. Babban ɗana, ɗan shekara 13, shi ya kira motar asibiti. Sinadarin fotashiyam a jinina ya haura 7, alhali na lafiyayye tsakanin 3.5 ne da 5, daga 6 kuwa zuciya na iya tsayawa ba sallama. Ruwan da ya taru a jikina ya fi kilo biyar, har ya hau huhu. Cikin dare aka jona ni da inji.

Litinin na koma kujera ta bakwai ina jin kunya. Baba bai sa hularsa ba, tana kan cinyarsa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Tun Laraba nake riƙe da sha shida da ɗaya a bakina. Ka tafi ka bar ni da ita, wa zan gaya wa?" Idonsa ya kawo ruwa. Ya karɓi littafina ya ja layi biyu a bangon baya, ya rubuta Y da B. Sharaɗi: duk wanda ya zo wanki uku a mako, kuma bai wuce nauyin da aka ɗiba masa ba, ya ci wa ƙungiyarsa makon. Wanda ya yi fashi ya faɗi, ko da ƙungiyarsa ta ci duniya. Daga ranar ban sake fashi ba, ko ɗaya.

Ga yadda makon yake tafiya, don a nan ne aikin yake. Litinin ita ce rana mafi haɗari ga irinmu, saboda daga Juma'a kwana biyu cur ba wanki. Ina tashi ƙarfe huɗu da rabi. Kafin komai in ɗora yatsu a kan fistula, in na ji tana kaɗawa kamar kyanwa na gurnani, lafiya. In ta yi shiru ta toshe ke nan, a kira cibiya nan take, ba a jira gari ya waye. Hannun nan ba a awon jini a kansa, ba a ɗibar jini, ba agogo, ba a kwanciya a kai, ba a ɗaukar kaya mai nauyi. A cibiya sai ma'auni. Nauyina na ainihi, wanda ba ruwa, kilo 78 ne. Abin da ya hau kai duk ruwa ne da inji zai zare. Tsakiyar mako ina ƙoƙarin kada ya wuce kilo biyu, Litinin kada ya wuce uku. Dalili shi ne, ga mai jikina, in inji ya zari fiye da lita ɗaya a awa, jini ya faɗi, ido ya rufe, jijiyar sha raɓa ta ɗaure har babba ya yi ihu. Allura biyu ake sokawa, manya, ɗaya na fitar da jini ɗaya na mayarwa. Sau da yawa Yankees na hutu Litinin, sai mu yi bitar wasannin ƙarshen mako. Boston ta ci, Baba ya shigo yana waƙa tun daga ƙofa. Ta faɗi, ya ce rediyonsa ta lalace.

Talata ce ranar mutum. Jiki ya sake, kai ya washe. Ita ce ranar cefane, ganin likita, da ɗan aikin da nake yi yanzu a ofishin motocin haya, ina amsa waya. Ita ce kuma ranar dafa abincin mako. Dankali da doya ana yanka su ƙanana, a jiƙa, a tafasa cikin ruwa mai yawa a zubar da ruwan, don rage fotashiyam. Tumatir kaɗan. Ayaba, lemo, dabino da ruwan kwakwa na yi sallama da su. Wake, gyaɗa, madara da baƙin lemon kwalba suna da fosforas, shi ke kawo ƙaiƙayi ya raunana ƙashi, don haka akwai ƙwayar da ake haɗiya tare da lomar farko, in an sha bayan an daɗe da gama ci ba ta da amfani. Dunƙule ya bar gidanmu, tafarnuwa, albasa da citta suka maye gurbinsa. Nama da ƙwai kuwa ana so a ci, inji yana tafiya da abin gina jiki. Kowa dai ya bi abin da gwajin jininsa na wata ya nuna, ba a ara wa wani ƙa'idarsa.

Ƙarfe bakwai da minti biyar na yamma ake fara yawancin wasanni, kuma lokacin ne ƙishirwa ke tasowa. Lita ɗaya aka ɗiba min a rana, kuma koko, shayi, miya da kankana duk ciki suke. Dabarar Baba ita ce ƙanƙara tara. Ka sami faranti mai ƙananan gurabe, kowane gurbi wajen mililita 20, ka ɗiga ruwan lemon tsami kaɗan, ka daskarar. Kowane zubi ƙwaya ɗaya, a bar ta ta narke a baki, ba a taunawa. Tara ba su kai mililita 200 ba, amma sun raka ka har ƙarshen wasa. In aka shiga ƙarin zubi babu ta goma, sai a kurkure baki a tofar. Na sha zama ina kallon zubi na 11 da busasshen harshe ina roƙon Allah wani ya ci, ko da su ne.

Laraba kamar Litinin ce amma da sauƙi. Ƙungiya tana da manyan masu jifa biyar da ke karɓa-karɓa, kowa bayan kwana biyar, sai na riƙa lissafin rayuwata da su: kafin wane ya sake hawa tudu zan yi wanki biyu. Mutumin da aka ce masa har abada zai riƙa zuwa inji ba ya iya kallon har abada, amma yana iya kallon kwana biyar. Alhamis wani lokaci da rana ake wasa don ƙungiya ta samu ta yi tafiya. Juma'a na roƙi wankin farko na safe musamman don in fito ƙarfe goma da rabi, in danne wurin allura minti goma har jini ya tsaya, in kwanta awa ɗaya, in samu masallaci. A zaune nake sauraron huɗuba jingine da bango. Azumi kuwa, bayan na ji ta bakin likita da malaminmu, ciyarwa nake yi.

Wanda ke son zuwa fili ya je Asabar, washegarin wanki, kada ya je Lahadi da jiki ya fara cika. Ya nemi kujerar inuwa, ya sa riga mai dogon hannu, ya shiga da wuri kafin turmutsutsu don kada a bugi hannun. In ƙwallo ta taso wajenku kowa zai miƙa hannu, kai ka duƙa. Ana barin mutum ya shiga da ruwan roba da ba a buɗe ba, ƙarami zan ɗauka in yi masa alama da biro. Abincin fili duk gishiri ne, daga gida nake tafiya da nawa. Bencin bayan fili na dama, inda ake kiran sunayen 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya a zubin farko har kowa ya ɗaga hannu, yana da daɗin kallo, amma ranar Boston giya da ashar sun yi yawa a wurin, ba na kai yara. Sau ɗaya muka je da Baba, Asabar 3 ga Agusta, 2019. Wasa biyu aka yi ranar, mun kalli na rana, Yankees suka ci duka biyun, suka kuma share wasa huɗun da aka yi a wannan zuwan. Yana sanye da jar hularsa a tsakiyar dubban mutanenmu, matasa na yi masa ihu, ina riƙe da gwiwar hannunsa a kan matakala. Wani ya matso da baƙar magana, na ce masa babana ne. Lahadi ita ce ranar haƙuri: ba fita cikin rana, ba gishiri ko kaɗan, ruwan safe a rage don a samu na dare.

A 2018 Y ta ci makonni tara a bangon littafin, B tara. A 2019 Baba ya faɗi biyu saboda ya kwanta asibiti, ya ce waɗannan ruwan sama ne ya hana wasa, ba a lissafa su. Na yarda.

Maris 2020 aka ɗage kakar wasa saboda korona, Bronx kuwa na cikin inda cutar ta fi ɓarna. Kowa na kulle a gida, mu ba mu da wannan zaɓin. Takunkumi a fuska, awon zafi a ƙofa, an hana hira. Farkon Afrilu na tarar da kujera ta takwas babu kowa. Laraba ma haka. Ma'aikata doka ta hana su faɗin halin wani majiyyaci, nas ta dai kalle ni ta sunkuyar da kai. Bayan kwana goma 'yarsa ta kira ni, ta ce ta ga lambata a wayarsa an rubuta Yanki. Mutum kaɗan aka bari wajen binne shi, ban samu zuwa ba. Da aka dawo wasa a ƙarshen Yuli, wasa 60 kacal ba 'yan kallo, na kunna na kashe. Na ci gaba da zuwa wanki, ina cika layin Y, layin B na nan fari.

Ranar da abin ya fi dukana ita ce 6 ga Oktoba, 2021. Daren Talata Boston ta fitar da mu 6 da 2 a Fenway, mai jifarmu Gerrit Cole bai gama zubi na uku ba. Da safe na shiga cibiya na ɗaure fuska ina shirya amsar da zan bayar, kamar yadda na saba. Sai na ga wata baiwar Allah a kujerar tana barci. Ba wanda ya ƙirga min shida. Na ja bargo na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

Daga baya na koma rubuta wasa. Na rubuta hom-ron na 62 a kaka ɗaya da Aaron Judge namu ya buga ranar 4 ga Oktoba, 2022, wanda ya wuce 61 na Roger Maris. Na rubuta zubi na biyar na wasan ƙarshe na World Series da Dodgers ta Los Angeles a 2024, muna gaba 5 da 0 aka farke, kofi ya tafi. Tun 2023 aka sa wa mai jifa agogo, wasa ya dawo wajen awa biyu da minti arba'in. Ga mai tashi ƙarfe huɗu da rabi wannan rahama ce, don a da wasanmu da Boston kan ci awa huɗu. Haɗuwarmu da su kuma ta ragu daga 19 zuwa 13 a shekara, wannan kam ban so ba. Lokaci mafi wuya har yanzu shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu, ba wasa, dare dogo, ɗumamar ɗaki na busar da maƙogwaro. A watannin nan karatun Alƙur'ani nake raba wa ƙanƙarar, kowane shafi biyu ƙwaya ɗaya, ina ƙirga kwanakin da masu jifarmu za su hallara a Tampa don atisaye tsakiyar Fabrairu. Sunana na cikin jerin masu jiran dashen ƙoda. Duk wata ana aika jinina, wayata ba ta mutuwa ko da dare.

Wata huɗu da suka wuce aka kawo wani matashi kujera ta takwas, bai kai talatin ba, robar na ƙirjinsa, hular Mets, ɗaya ƙungiyar New York, a kansa, bargo har ka. Juma'a biyu ya yi fashi. Na jira daren da aka lallasa Mets, da safe na miƙa hannun dama na ƙwanƙwasa ƙarfen kujerarsa. Ya ɗago a fusace, na ƙirga masa. Ya ce min Kawu ka bari, sannan ya tuna min abin da Dodgers suka yi mana. Na ja sabon layi a bangon littafin na rubuta M. Farantin ƙanƙarar na ba shi tun makon jiya. Litinin ɗin nan ya zo da kilo uku da rabi, ni biyu da ɗigo takwas, makon nawa ne in Laraba da Juma'a sun yi kyau.